Sakin Layi na Bakwai

Talata, 10 ga Yuni, 2025
Ƙarfe 4:20 na yamma, a barandar gidanmu, Kafanchan. An ɗauke ruwa minti goma da suka wuce, ba a kawo wuta ba.

Zuwa ga Yaya Paulina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Bridget da yara, da aikin asibiti. Yaya tarin Bridget? Mu nan lafiya lau. Kumburin ƙafar Mama ya ɗan sauka, tana shan maganin da kika aiko sau biyu a rana, ni nake miƙa mata. Har yanzu sunana bai fito cikin masu tafiya bautar ƙasa ba.

Za ki ce me ya hana ni kira. Kin san ni da waya. In magana ta yi nauyi sai harshena ya sarƙe, in ce miki ba komai, in kashe. Shi ya sa na rubuta, gobe da safe zan ba direban Zariya ya kawo miki.

Baba Andrawus ya ba ni aiki. Ya karɓo motoci huɗu daga Legas ya jera a filinsa, ya ce mutanen yanzu sai sun karanta a waya kafin su saya, kuma tunda ga injiniya a gida ba zai nemo baƙo ba. In tuƙa ɗaya, in rubuta abin da na gani da Hausa da Turanci, a sa a shafinsa. A gaban Mama ya faɗa, yana ce mini ɗan Kumai, da sunan Babanmu, kamar yadda ya saba. Mama har da share hawaye. Ba sai na tuna miki cewa tare suka yi aikin reluwe da Baba ba, ko wanda ya tsaya mana a matsayin uba ranar jana'izar Baba.

Sunan motar ba zai amfane ki ba, tunda ke duk mota ko ƙarama ce ko babba. Wannan ƙarama ce, ƙirar Turai, irin masu tsadar nan da bayansu a datse yake, ƙofar but ɗin tana ɗagawa sama tare da gilashi. Ja ce mai duhu, kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. Jiya Litinin na fita da ita ƙarfe 9:05 na safe, maleji yana kan 71,408. Na bi ta kasuwa, na hau hanyar Fadan Kagoma, na ɗan wuce garin, na juyo. Na dawo 11:52, maleji yana kan 71,471. Kilomita sittin da uku ke nan.

Yaya, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni da na koyi tuƙi a tsohuwar akori-kurar Baba, wadda sai ka daki ƙofa sau biyu take rufuwa. Wannan da yatsa biyu za ki tura, ta rufe da wani sauti mai nauyi. Kujerun fata ne, suna riƙe mutum ta gefe da gefe. Da na ɗaga gilashi a tsakiyar kasuwa sai garin ya koma kamar talabijin da aka kashe wa murya, ina ganin bakin masu Keke yana motsi, ba na jin zagin. Injin ƙarami ne, lita ɗaya da ɗigo huɗu, amma yana da ƙarfi, giya bakwai kuma ita take canza wa kanta ba tare da an ji ba. A cikin gari sitiyarin ba nauyi, in gudu ya ƙaru sai ya yi tauri a hannu, ta shiga kwana kamar an ɗaure ta da titi. Na gwada birki daga gudun sittin sau uku a inda ba kowa, na sauka na auna da ƙafa: taku goma sha bakwai, goma sha bakwai, goma sha takwas. Ta sha fetur lita huɗu da rabi. A wani shinge jami'in tsaro ya ce mini Oga, na waiwaya baya in ga da wa yake.

Tana da nata aibun. Ta cika kusa da ƙasa, tsakaninta da titi santimita goma sha huɗu ne, sau biyu cikinta ya gogi tudun titi. Tayoyinta sirara ne, ramukan hanyarmu ba za su bar su su daɗe ba. Dogon mutum zai sha wuya a kujerar baya. But ɗin ya ɗauki buhun masarar Mama ɗaya da jarka ɗaya, daga nan ya cika. Duk na rubuta waɗannan, ba su ne suka sa na zauna rubuta miki ba.

A cikin sitiyarin irin waɗannan motoci akwai wata jakar iska a naɗe, makanikai na ce mata eyabag. In mota ta daki wani abu, sai ta kumbura nan take ta tare ƙirjin direba. Tana da fitilarta a dashbod, hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Yadda aka koya mana, in an kunna mota fitilar takan kama kamar daƙiƙa shida, motar ta duba kanta, sannan ta mutu, ko inji ya tashi ko bai tashi ba. Ta wannan motar ba ta mutuwa sai inji ya tashi, kuma tare take mutuwa da fitilar man inji, lokaci ɗaya cif. Sau goma sha ɗaya na gwada. Na ɗauka a waya na rage gudun hoton na kalla.

Na biyu, na bi jikinta da mayen ƙarfe. Yana mannewa ko'ina, amma a gefen hagu na gaba sai ya zame ya faɗi, alamar an cike lotsa da foti mai kauri a ƙarƙashin fenti. Na uku, in na fizgi bel ɗin kujerar direba da ƙarfi ba ya cijewa kamar na sauran kujerun.

Da rana na je wurin Salihu mai wayarin, na bayan tasha, ban gaya masa motar wa ce ba. Ya kalli hoton sau biyu ya miƙo mini wayata. Ya ce akwai motocin da suke shigowa ƙasar nan bayan sun riga sun yi karo a can waje. Sai a buga jikin a miƙe, a yi fenti, sabuwar jaka kuwa tsada gare ta, don haka sai a rufe sitiyarin ba komai a ciki, a jona wayar fitilarta da ta man inji don mai saye ya ga ta kama ta mutu. Amma ya ce ba zai rantse ba sai ya jona mata na'urarsa, ko an buɗe sitiyarin. Na'urar ta lalace, tana Kaduna wurin gyara, sai farkon wata mai zuwa. Buɗe sitiyari kuma sai da izinin mai mota.

Abin da nake da shi ke nan, alamu uku, babu tabbaci. Rubutun sakin layi tara ne, na bakwai a kan wannan ne, kalma casa'in da shida. Ban kai wa Baba Andrawus ba tukuna. Ki gaya mini yadda ake faɗa wa mutum irinsa magana irin wannan.

Ki gai da Baban Bridget da yara. Mama tana gaishe ku. Ubangiji ya tsare.

Ƙanenki,
Ishmael


Litinin, 23 ga Yuni, 2025
Ƙarfe 10:40 na safe, a gindin mangwaron bayan majami'a. Ba kowa sai mai shara.

Yaya Paulina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun tashi lafiya, na ji daɗi da tarin Bridget ya lafa. Mama lafiya, jiya ma har ta taka rawa kaɗan. Na saurari saƙon muryarki sau huɗu. Kin ce in same shi shi kaɗai, in yi ladabi, in faɗi gaskiya. Na yi biyun farko.

Ranar Alhamis, 12 ga wata, na je gidansa da safe. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa rubutun daga farko. Yana ta gyaɗa kai, a wurin buhun masara har ya yi dariya. Da na shiga na bakwai na kai kan kalmar hatsari, sai ya ɗaga hannu. Ya ce mun ƙi wannan cikin sunan Yesu, in janye maganar da bakina. Ya ce shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe bai taɓa barin wani ya ambaci faɗuwar jirgi ba alhali jirgi yana shirin tashi, mutum ba ya kiran abu da baki sannan ya yi mamakin zuwansa. Na janye.

Bai yi fushi ba, da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kawo mini kunu, ya tambaye ni a hankali ko na ga cikin sitiyarin da idona. Na ce a'a. Ko na'ura ta faɗa. Na ce a'a. Sai ya ce mahaifina bai taɓa sa hannu a kan abin da bai auna ba, yaya ɗan Kumai zai fara aikinsa na farko da zato? Yaya, a nan ya kama ni, don abin da nake gaya wa kaina ke nan tun ranar Litinin. Bai ce in cire ba. Ni na cire da hannuna da na koma gida, na ce in na'urar Salihu ta dawo zan ƙara.

An sa rubutun ranar Asabar, 14 ga wata. Zuwa jiya mutum dubu biyu da ɗari uku sun karanta. Wani ya rubuta a ƙasa cewa bai taɓa ganin mai auna birki da ƙafa ba. Na karanta wannan yabon ya fi sau goma, gara ki sani.

Jiya Lahadi na ga motar a harabar majami'a da jan ƙyalle a ɗaure a madubi. Malama Faustina ce ta saya. Malamarmu ta aji huɗu, mai rula ta katako, wadda ta yi ritaya a watan Maris. 'Ya'yanta ne suka haɗu suka saya mata tunda tsohuwar motarta ta mutu, amma ita ta zaɓa. A lokacin godiya ta fito gaba ta ce ita ba ta yarda da bakin masu sayar da mota, ko da Dattijo Andrawus ne. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ta ce amma akwai yaron da ta koyar wanda ya taɓa yin kuka don layinsa ya wuce da milimita ɗaya, in wannan yaron ya rubuta taku goma sha bakwai, to goma sha bakwai ne. Ta nuna ni. Aka tafa. Mama ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Bayan sujada aka fita keɓe motar. Fasto ya ɗora hannu a kan bonet, da tayoyi huɗu, da sitiyari, ya yi addu'a kada jini ya taɓa ta. Zumuntar Mata suka zagaye ta da tulu da caki suna waƙa. Na kutsa har na isa kusa da Malama. Na ce mata akwai wani abu game da sitiyarin, in da za a yi karo. Iyakar inda na kai ke nan. Mama Mildred, shugabar Zumunta, ta rufe mini baki da tafin hannunta, ta ce yanzu-yanzu aka gama addu'a zan zo in warware? Wata daga baya ta ce injiniya ya sha boko har ya manta da mai sama. Suna ta dariya, ba da mugunta ba. Malama ta kama kunnena kamar da, ta ce, “Ishmael, ce amin.” Na hango Mama tana kallona daga can. Na ce amin.

Salihu ya ce na'urar za ta iso ranar 2 ga Yuli. Yau da safe na rubuta wa Malama wasiƙa, na kwafe mata sakin layi na bakwai kalma da kalma, na sa lambata a ƙasa, na roƙe ta ta bari a duba. Tana aljihuna yanzu. Ina ta tunanin ko ya dace in kai mata zato, ko in jira kwana tara in kai mata tabbaci. In na yi kuskure na ɓata sunan Baba Andrawus a banza, a garin da kowa ya san kowa.

Ki yi mini addu'a. Ki gai da mutanen gida.

Naki,
Ishmael


Laraba, 2 ga Yuli, 2025
Ƙarfe 1:15 na rana, a kan bencin da ke wajen ɗakin marasa lafiya na mata.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Na ga kiranki bakwai, ki yi haƙuri, ban iya ɗauka ba. Mama ta gaya miki rabi, ga sauran.

Jiya Talata da safe Malama Faustina ta kama hanyar Kagarko ita kaɗai. 'Yarta Irene ta haihu, za ta je ta ga jika. Ana ruwa. Bayan Fadan Kagoma, a wata gangara, wata tifa ta lalace ta tsaya a kan hanya tun shekaranjiya. Masu ita sun zuba ganye a titi don gargaɗi kamar yadda ake yi, ruwa ya kwashe ganyen. Ta ga tifar a makare, ta taka birki, ta kauce, ta daki kankaren kwalbati. Na je wurin jiya da yamma. Daga sawun taya ina ganin gudunta bai kai hamsin ba lokacin da ta daka. Birkin ya yi aikinsa. Gilashin gaba ko tsagewa bai yi ba. Jakar iska ba ta fito ba.

Wani dattijo makiyayi mai suna Jibir, da rugarsu ke kusa da wurin, shi ya fara isa, shi da matarsa Maimuna. Su suka fito da ita, Maimuna ta lulluɓe ta da zanenta. Wayar Malama a kulle take. Jibir ya laluba aljihun ƙofa ya samu ambulan, ya ga lamba a ƙasan takardar da ke ciki, ya tsayar da wani mai babur ya kira. Ƙarfe 10:52 wayata ta yi ƙara. Lambata ce, wasiƙata ce.

Na ba ta ranar Lahadi, 29 ga wata, bayan ta kwana shida a aljihuna. Na same ta a bakin motar bayan sujada, mutane suna ta gaishe ta. Na miƙa da hannu biyu. Ta tambaya ko takardar neman aure ce, ta ce in ita ce na makara da shekara arba'in. Na ji kunyar in tsayar da babbar mace a gaban jama'a in ce ta karanta yanzu. Sai na ce, “Ba gaggawa, Malama, in kin samu sarari.” Da bakina na faɗa. Ta sa ta a aljihun ƙofa ina kallo.

Likita ya ce ƙirjinta ne ya daki sitiyari. Haƙarƙari shida sun karye, akwai jini a huhun hagu, sun sa mata roba a gefe suna janyewa. Tana numfashi da taimakon iskar kwalba. Ba ta buɗe ido ba tun jiya. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ki gaya mini abin da wannan yake nufi ga mace mai shekara sittin da ɗaya, kada ki sassauta.

Ɗanta Asher ya iso daga Abuja da safe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya gode mini da na riga kowa zuwa, ya ce mahaifiyarsa ba ta yi kuskure da ta yabe ni ba. Wasiƙar tana aljihuna a lokacin, Jibir ya ba ni ita a jiƙe. Baba Andrawus ma ya zo, ya yi addu'a mai tsawo a bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Salihu ya kira ni ƙarfe goma sha ɗaya. Na'urar ta iso yau, kamar yadda ya ce.

Ki gai da yara. Ba ni da abin ƙarawa.

Ishmael


Juma'a, 11 ga Yuli, 2025
Ƙarfe 3:05 na yamma, a ɗakina. Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

Zuwa ga Yaya Paulina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kun koma Zariya lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ku. Na gode da kika zo jana'izar. Na ga lokacin da kika matso kusa da ni a maƙabarta, na san don kada in tsaya ni kaɗai ne. Ba mu samu zama ba, don haka ga abin da ya faru a jere.

Malama ta rasu ranar Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe 2:35 na rana, ba ta farfaɗo ba. Ranar Asabar na roƙi Asher izinin buɗe sitiyarin, na tafi da Salihu inda aka ajiye motar. Minti goma sha biyu ya ɗauka. A inda jakar ya kamata ta kasance akwai soson katifa guda biyu da baƙin salatif. A bayan dashbod wayar fitilar tana murɗe da ta man inji, daidai yadda ya faɗa tun ranar farko. Bel ɗin ma tsohon da ya riga ya yi aiki a wancan karon ne aka mayar. Salihu ya tattara kayansa, ya ƙi karɓar ko sisi.

A nan wurin na ba Asher wasiƙar, na gaya masa komai, har da kunun, har da amin ɗin. Ya karanta a tsaye. Ya tambaye ni ranar da na fara ganin fitilar, na ce 9 ga Yuni. Ya ƙirga da yatsunsa. Ya tambaye ni me na ce mata da na miƙa, na faɗa masa. Ya ninke takardar ya mayar mini, ya shiga motarsa. Shi ya sa kika ga bai karɓi hannuna ba ranar Talata wurin jana'iza.

Ranar Lahadi na sa sakin layi na bakwai a ƙarƙashin rubutun, tare da hoton soson. Kafin azahar an sauke shafin gaba ɗaya, sai na sa a nawa. Dattawan ikilisiya sun kira ni ranar Laraba. Sun ce da na kawo musu maganar kafin in kai ta waje, na ce gaskiya ne, da na kawo musu tun watan jiya. Baba Andrawus yana zaune a wurin. Ya ce shi ma saya ya yi, bai taɓa buɗe sitiyarin kowa ba. Ya rame. Da na gaishe shi a waje ya amsa, amma Ishmael ya ce mini.

Sauran motocin uku ne. Fara tana filinsa an rufe ta da tamfol, bai yarda Salihu ya taɓa ta ba. Baƙa wani malamin makaranta ne a Kagarko ya saya, na samu lambarsa na kira. Da na ambaci karo ya ce Allah ya kiyaye, in daina yi masa mugun baki, ya kashe. Gobe da sassafe zan tafi can da na'urar Salihu da soson a leda. In ya rufe mini baki zan cire hannunsa. Mama ba ta ce mini komai ba tun ranar Lahadi, yanzu a bencin baya take zama a majami'a. Amma ɗazu ta goge mini farar rigata ta rataye a ƙofa, ta ce hanyar Kagarko da nisa, in karya kafin in fita.

Ki gai da Baban Bridget, ki rungume mini yara. Ubangiji ya ba mu jinƙai.

Ƙanenki,
Ishmael Kumai

Ƙari. Na saba rufe rahoto da abin da ba a gano ba, haka aka koya mana. Ga su:

1. Ko Baba Andrawus ya sani kafin in karanta masa. Na yi ta juya fuskarsa ta ranar Alhamis ɗin a raina, ba ta gaya mini komai ba.

2. Wa ya sayi ta huɗun, mai ruwan toka. An ce wani ne daga wajen Abuja, ya zo da mace da yara biyu. Baba Andrawus ya ce bai riƙe lambarsa ba.

3. Abin da ke cikin sitiyarin farar.

4. Ko da a ce akwai jakar, da ta cece ta. Likita ya ce ba zai rantse ba. Ke kin ce a gudun hamsin yawanci mutane sukan tashi da ƙafarsu.

5. Ko ta karanta. Na koma rugar jiya. Jibir ya ce a ganinsa ambulan ɗin a buɗe ya same shi. Maimuna ta ce a'a, ta ga lokacin da ya yage shi da haƙori. Sun yi ta gardama da Fulatanci, daga baya suka ba ni haƙuri, suka ce hankalinsu a kan matar yake, ba a kan takarda ba. Malama ba ta yaga ambulan, da rula take yanka bakinsa a miƙe, kin sani. Na shanya shi, na duba da gilashin ƙara girma. Ruwa ya cinye bakin, santimita biyu da rabi daga sama babu su.